Digambar Ya Kai Surukarsa Ganin Teku

Idan ana maganar sanin gari, a duk gidan hayarmu na Worli babu wanda ya kama ƙafar Digambar Waghmare, a bakinsa dai. Tambaye shi ko'ina a Mumbai, kafin ka rufe baki ya ba ka lambar bas, ya gaya maka ƙofar shiga, ya ƙara maka da inda ake sayar da shayi mai kauri a wajen. Abin da ba zai gaya maka ba shi ne bai taɓa zuwa ba. Aikinsa tuƙa lif ne a wani dogon bene da ke tsallaken titi, da ƙafa yake zuwa, da ƙafa yake dawowa. Tun yana saurayi tafiyarsa sama da ƙasa ce, bai taɓa yin ta gefe ba. Duk iliminsa na gari tsintarsa ya yi daga bakin masu kwat da ke hira a bayansa, shi ya sa kowane labarinsa rabi ne, don mai labarin yakan sauka kafin ya ƙarasa. Mu dai Gwamna muke ce masa, kuma yana amsawa.

To sai ga surukarsa Tanubai ta zo daga wani ƙauye can wajen Latur, inda ruwan sha sai tanka ta kawo, mata su yi ta dambe a kan bokiti. Asibitin ido ya kawo ta. Likita ya duba ya ce ganin yana raguwa, kuma wanda ya tafi ba zai dawo ba. An riga an yankar mata tikitin komawa na wannan daren. Da safe ana shan shayi ta kwance bakin zanenta na sari, ta fito da kwakwa guda ta ajiye a gaban ’yarta Shalan, matar Digambar.

“Ubanki tun ranar da aka kai ni gidansa ya ce zai kai ni in ga teku. Bana sai baɗi, baɗi sai an yi girbi, har ya tafi abinsa bai kai ni ba. Na yi alkawari zan jefa wa teku kwakwa da sunansa. Yau kaɗai ta rage mini, kuma idon nan ba jirana zai yi ba.”

“Ai da sauƙi, Inna,” in ji Shalan. “Bari in sauke tukunya mu bi ta lungun masunta. Ga shi nan a bayanmu.”

Digambar ya ƙware da shayi. Sai da ya gama tari ya ce, “Lungun masunta? Uwar matata guda? Ke Shalan ba ki da tausayi! Wannan ai ba teku ba ne, bayan gida ne, wurin shanya kifi da wanke kwando. Tekun gaskiya yana can cikin gari, inda Turawa ke ɗaukar hoto, mai kujeru da fitilu. Yau Inna za ta ga Ƙofar Indiya, ta ga titin Marine Drive, ta ci kayan ƙwalam na bhel a bakin ruwan Chowpatty, ta jefa kwakwarta a ruwan da manya ke kallo.”

“Kai yaushe ka je?”

“Ba sai mutum ya je wuri yake saninsa ba.”

A baranda ya yi wannan jawabi, da ƙarfi, yadda kowace ƙofa za ta ji. Anti Filomina, maƙwabciyarsu da bakinta ba ya hutu, ta leƙo da buroshi a hannu. “Gwamna, za a fita rangadi ne? Ka ɗaura wa tsohuwa adireshi a wuya, ko ita a dawo mana da ita.”

“Ke dai ki dafa shayi da yamma, ki zo ki sha labari.”

Ya sa farin safarinsa na zuwa biki, ya goge takalmi, ya ɗora baƙin tabarau. Shalan ta bi su har matakala tana cewa rana na faɗuwa su kasance a gida, don jirgin Latur ba ya jiran gwamna. Tanubai kuwa, da yake a wajensu ba a ja da mijin ’ya, ta ƙulle kwakwarta ta ce, “Kai ka sani, surukina.”

A tashar jirgin ƙasa ta Dadar wata mai sayar da furanni a bakin matakala ta yi musu tayi, ya ɗaga mata hannu kamar mai korar ƙuda. Suka hau gada, ya fara karatu.

“Inna, doka ta farko a Mumbai: kar ki taɓa tambayar hanya. Kina tambaya an gane baƙuwa ce.”

“To.”

“Doka ta biyu, dubi can.” Ya nuna wani jirgi da mutane suka cika har suna reto a ƙofa. “Wawaye ke nan. Kowa ya ga ɗan’uwansa ya cusa kai, shi ma ya cusa. Mai wayo wanda babu kowa yake hawa.”

Ga kuwa wani can ɗaya gefen, kujeru sai iska. Ko ɗan goye a Mumbai ya san da safe duk duniya cikin gari take nufa, jirgin da ka gani wayam barin gari yake yi. Amma wanda ya faɗi wannan a lif, da alama ya sauka kafin ya kai nan. Suka shiga suka baje, har Digambar ya miƙe ƙafa a kujerar gaba.

“Kin gani? Wannan shi ake kira sanin gari.”

Jirgi ya ɗauki gudu, yana wuce ƙananan tashoshi ko kallonsu ba ya yi. Digambar yana nuna gine-gine ta taga yana raɗa musu suna: wancan gidan wani ɗan fim ne, wancan kotun ƙoli ce. Tanubai ta kanne ido tana kallo. Can ta ce, “Surukina, ni idona ne, ko gidajen ne suke ƙara gajarta?”

“Haka cikin gari yake. Manya ba sa son hawa bene.”

“Wancan kuma kamar ɓauna.”

“Ta gwamnati ce.”

Sai ƙarar jirgi ta sauya, suka hau wata doguwar gada, ruwa shimfiɗe hagu da dama. Digambar ya yi zumbur ya miƙe har tabarau ya zame. “Teku! Inna, teku! Jefa! Jefa maza!”

Tsohuwa ta fara kwance ƙulli, sai ta tsaya. “Mene ne wancan kore-kore a can gaba?”

“Itatuwa ne.”

“To ba shi ba ne. Marigayi ya ce teku ba shi da tsallake.”

Wani mutum da ke gyangyaɗi a gefe ya buɗe ido ɗaya. “Gaskiyarki, Baba. Wannan mashigin ruwan Vasai ne. Ina za ku?”

“Marine Drive,” in ji Digambar, yana gyara kwala.

Mutumin ya buɗe ɗaya idon. Ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, “Ta Delhi za ku bi?” Ya koma barcinsa.

Virar ce ƙarshen layi, kuma a Virar ba a jiran jirgi ya tsaya. Yana rage gudu mutane suka fara faɗowa ciki kamar an ɓalle buhun gero, kowa na neman kujerar komawa gari. Digambar ya miƙe yana cewa, “A ba mu hanya, akwai dattijuwa!” Kafin ya rufe baki an zauna a kujerarsa, an zauna a kan wanda ya zauna, an taka masa ƙafa, takalminsa na hagu ya yi nasa wuri. Ko taku ɗaya ba su yi wajen ƙofa ba jirgi ya juya ya kama hanyar da ya fito. Tanubai da ba ta motsa daga kujerarta ba ta ɗago kai.

“Ba a nan za mu sauka ba?”

“A’a,” ya ce daga ƙarƙashin hammatar wani ƙato. “Wannan zagaye ne. Ana fara nuna wa baƙo bayan gari.”

“Kai ka sani, surukina.”

Ya tuna ya taɓa jin wani a lif yana cewa daga Andheri ana zuwa bakin ruwan Juhu. Madalla, mafita ta samu. Da suka doshi Andheri ya fara turawa yana neman ƙofa. Ƙaton nan ya dafa masa ƙirji.

“Ina zuwa, Alhaji farin kaya?”

“Andheri zan sauka.”

Duk taragon aka kwashe da dariya. “Jama’a, ga mai Andheri a jirgin Virar!” “Kai, ba ku da naku jiragen ne? Ku cika naku, ku zo ku cika namu?” “Mai Andheri ba ya sauka a nan, ɗan’uwa. Yau sai ka ji abin da muke ji kullum.”

“Kun san ko ni wane ne?”

“Mun sani mana. Mai takalmi ɗaya.”

A lungun taragon akwai masu waƙar ibada da ke bin jirgin nan kullum da ’yan farantan tagulla. Suka ga hannunsa na sama ba ya aikin komai, suka danƙa masa faranti biyu suka ce ya kaɗa. Haka Gwamna ya wuce Andheri, ya wuce Bandra, yana kaɗa faranti gumi na zuba, surukarsa tana tafi tana amshi, har wani ya ba ta ayaba. Da jirgi ya tsaya a wata babbar tasha, rabin taragon ya tashi fita lokaci guda. Tanubai ta kama gefen rigarsa, aka kwaso su aka zubar a waje kamar ruwan wanki.

Tsohuwa ta gyara sari ta duba. “Wannan tashar ta yi kama da ta safe.”

“Ɗan kwangila ɗaya ne ya gina su duka.”

“A’a, Baba, har kun dawo?” in ji mai furanni daga bakin matakala. “Yallaɓai, ina ɗaya takalmin?”

Rana ta riga ta wuce tsaka. Tanubai ta taɓa ƙullin kwakwarta, ta ce a hankali, “Surukina, ko mu koma mu bi lungun nan da Shalan ta ce?”

Nan fa abin ya soke shi. Ya koma gida yanzu, ƙafa ɗaya a safa, Filomina tana baranda? Ko kusa! Sai ya tuna wata mata mai babbar kyamara da ta taɓa cewa a lif, Sewri babu nisa daga Dadar, ga ruwa ga tsuntsaye jajaye dubu-dubu, wurin da ’yan gari kaɗai suka sani. Ta ƙara da cewa, “Amma fa sai ka duba lokacin da…” sai ƙofa ta buɗe ta fita.

“Doka ta uku, Inna: wurin da kowa ke zuwa na baƙi ne. Yanzu zan kai ki tekun sirri.”

Bas ta sauke su, suka bi wata hanya tsakanin manyan motocin mai har bakin gaɓa. Ga ’yan kallon tsuntsaye da kyamarori, ga kwale-kwale kwance a gefensu. Ruwa ne dai babu. Laka ce baƙa ƙirin, shimfiɗe iya ganinka, can nesa wasu ɗigo-ɗigo jajaye suna kiwo.

“Ina ruwan?” in ji Tanubai.

“Ya… ya ɗan fita.”

“Ya fita? Nan ma tankar ba ta zo ba ke nan?”

Wani masunci da ke ɗinkin koma ya ce, “Ya janye ne, Baba. Sai yamma zai dawo.”

“Wa ya tambaye ka?” in ji Digambar. “Ga ruwa can ina hangowa. Inna, tsaya nan in duba miki hanya. Wannan lakar sama-sama ce, na san ta.”

“Yallaɓai, kar ka shiga.”

“Doka ta huɗu: kar ki saurari mai zaman banza.”

Taku na farko laka ta kama idon sawu. Ya waiwayo ya yi murmushi. Na gaba ta kai gwiwa. Ya yunƙura zai ciro dama, hagu ta nutse. Ya yunƙura zai ciro hagu, sai ga shi tsundum har ƙugu, hannuwa sama kamar har yanzu yana kaɗa faranti. Masu kyamara, da tun ɗazu tsuntsaye suka yi musu nisa, gaba ɗaya suka juyo da kyamarorinsu kansa.

“Ga wani fari ya sauka kusa!”

“Wane iri ne wannan?”

“Irin mai tabarau!”

“Surukina, da zurfi ne?” Tanubai ta ƙwala.

“Aunawa nake yi! Wayyo, wani abu yana cizona! Ku cire ni!”

Masunta suka shimfiɗa katako, suka jefa masa igiya ya ɗaura a ƙirji, suka ja da waƙa kamar masu jan kwale-kwale. Laka ta yi wata ƙara mara daɗin ji ta sake shi. Amma ba kyauta ta sake shi ba: ta riƙe ɗaya takalmin, ta riƙe wandon safari. Wata mai kifi ta rufe ido da hannu ɗaya, ta miƙa masa buhun gishiri da ɗayan.

Babu tasin da ta yarda ta ɗauke su. Direba zai rage gudu, iska ta kai masa labari, ya taka mai. Kwandastan bas kuwa cewa ya yi, “Baba ta shigo, amma abin da ta kamo ya bi ta ƙasa.” Rana tana ta yin ƙasa. Tanubai ta zauna a kan wani dutse, ta kwance kwakwar ta ɗora a cinya tana shafawa. Ba ta yi faɗa ba, kuma wannan ya fi faɗa ciwo.

“Ba komai,” ta ce. “Ubanta ma bai kai ni ba, kuma mutumin kirki ne. Zan mayar da ita gida in jefa a rijiya.”

A karon farko tun safe Digambar ya buɗe baki bai sami doka ba. Kunya ta kama shi, ta gaske, har ya ji ina ma lakar ta haɗiye shi gaba ɗaya. Wata ’yar motar kifi tana shirin tashi, sai ya ja buhunsa ya je ya haɗa hannu biyu a gaban direban, ya karya dokarsa ta farko.

“Ɗan’uwa, don girman iyayenka, ina ne hanyar teku?”

Direban ya dube shi. “A Mumbai kake tambayar teku? Ku hau. Inda zan sauke kaya akwai shi da yawa.”

Aka sa tsohuwa a gaba, aka sa Gwamna a baya tsakanin kwandunan kifi, hankaki na binsu. Bai ga hanya ba, don ya cusa kai tsakanin gwiwoyi. Da mota ta tsaya aka buɗe baya, sai ya ji wata murya da ko a kabari zai gane ta.

“Shalan! Zo ki ga abin da aka kamo yau! Nawa kilo?”

Lungun masunta ne, na bayan gidanmu, daidai lokacin da duk matan gidan ke fitowa sayen kifin dare. Anti Filomina ta riƙe ciki tana dariya har jakarta ta faɗi. Masu kifi suka bar ciniki, mutane suka cika tagogi. Digambar ya sauko babu takalmi, buhu a ƙugu, laka har gira, tabarau dai yana nan daram.

“Gwamna, yaya Ƙofar Indiya? A rufe ka same ta, ka bi ta kwata?”

Shalan ba ta yi dariya ba. “Ina uwata?”

Aka duba gaban mota, babu kowa. Ashe tsohuwa tana sauka ta ji wata ƙara, mai zuwa ta koma, ta zo ta koma, ta bi ta abinta ba tare da ta tambayi kowa ba. Suka same ta a ƙarshen lungu, bayan igiyoyin shanyar kifi, tsaye a kan duwatsu. Ruwa ya dawo ya cika, rana ja wur tana shirin nutsewa a cikinsa. Ta kare ido da tafin hannu ta daɗe tana dubawa, dama, hagu, gaba.

“Shalan, ni ce ba na gani, ko babu tsallake?”

“Babu, Inna.”

“To shi ne.” Ta sauka har ruwa ya taɓa ƙafarta, ta ɗaga kwakwar da hannu biyu. “Ka gani ko, maigida? Ba ka yi ƙarya ba. Duk wannan, kuma babu layi, babu mai faɗa da kowa.” Ta jefa. Ruwa ya karɓa, ya ɗan yi wasa da ita, ya tafi da ita. Tana kuka tana dariya, Shalan ma haka, har Filomina sai da ta ja hanci ta ce hayaƙi ne.

Digambar ya tsaya a baya baki buɗe. Rabon da ya leƙo lungun nan har ya manta. Amma hali ba ya barin mai shi, da ya ga an yi shiru sai ya gyara buhu ya yi gyaran murya.

“To, kun gani. Da ma lissafina ke nan, a iso daidai faɗuwar rana. Doka ta biyar…”

Bai ƙarasa ba wata igiyar ruwa ta daki dutsen, ta wanke shi tun daga kai, ta tafi da tabarau. Buhun ma da ƙyar ya cece shi da hannu biyu.

An kai tsohuwa tasha a kan lokaci, Shalan ce ta kai ta. Da za ta fita, duk gidan ya taru a baranda ana sallama, Digambar yana raɓe a bakin ƙofa da tawul a kai. Filomina ta ce, “Baba, idan mutanen ƙauye suka ce za su zo ganin teku, wace shawara za ki ba su?”

Tanubai ta ɗora ƙunshinta a ka, ta dubi surukinta da girmamawa kamar kullum.

“Su zo wurin surukina, shi ya sani. Su tambaye shi hanya da kyau, duk inda ya nuna, su juya masa baya su miƙe.”